Yadda Ake Haɗa Ƙwayoyin Nano na Oksaid da Hasken Leza a Cikin Ruwa

Mafi yawan hanyoyin haɗa ƙwayoyin nano a ɗakin gwaji da sinadarai suke farawa: gishirin ƙarfe, da abin da zai sauko da shi daga ruwa, da wani kuma da zai hana ƙwayoyin cuɗewa. In an gama sai a shiga wanki, kuma kome yawan wankin da wuya a rasa ɗan abin da ya maƙale a jikin ƙwayoyin. Hanyar da za mu bi a nan ta kauce wa wannan wahala. Faifan ƙarfe ne a gindin kofin gilashi, ruwa mai tsabta a kansa, sai hasken leza da ke sauka yana zaizayar ƙarfen harbi bayan harbi. Cikin 'yan mintoci ruwan zai fara sauya launi, don ya cika da ƙwayoyin da akasarinsu ba su wuce nanomita 100 ba. Nanomita miliyan ɗaya ke cika milimita guda.

Ana neman wannan ƙanƙanta ne saboda yawan fuska. Giram ɗaya na oksaid ɗin tutiya, in aka rarraba shi zuwa ƙwayoyi masu faɗin nanomita 20, fuskokinsu a haɗe sun haura murabba'in mita 50. A kan fuskar nan ake samun yawancin aikin da ake so, kamar wargaza rini a gurɓataccen ruwa, da gano iskar gas, da kashe ƙwayoyin cuta. Fuskar da sinadari bai lulluɓe ba ita ta fi aiki, ita ce kuwa babbar ribar hanyar leza.

Hanyar ba ta daɗe ba. A 1987 wasu masana a Jami'ar Poona ta Indiya, cikinsu har da P. P. Patil da S. B. Ogale, suka harbi baƙin ƙarfe da leza a ƙarƙashin ruwa, suka ga oksaid ya fito a fuskarsa. A 1993 Anton Fojtik da Arnim Henglein a birnin Berlin na Jamus suka nuna cewa abin da ke ɓallewa ya watsu cikin ruwan shi ma abin amfani ne. Daga nan ɗakunan gwaji a Japan, Italiya, Sin da Jamus suka ɗauka.

Sabon shiga yakan zuba hankalinsa duka a kan leza, tunda ita ce mai tsada. Amma ga mai neman oksaid, ɓallo ƙarfe kawai leza take yi. Ruwa ne ke ba da oksijin, shi ke sanyaya ƙwayoyin, shi ke riƙe su, shi ne kuma ke ci gaba da sauya su bayan an zuba su a kwalba. Wanda ya kula da ruwansa kamar yadda yake kula da lezarsa, shi ne zai iya maimaita gobe abin da ya samu yau.

Abin da ke faruwa a kan faifan

Mu ɗauki lezar da aka fi samu a jami'o'i, wato Nd:YAG, mai fitar da haske a tsawon zango na nanomita 1064. A ce kowane harbi yana ɗauke da makamashi milijul 50, kuma yana ɗaukar nanosakan 10. Makamashin ba shi da yawa, amma da yake an cusa shi cikin wannan ɗan lokaci, ƙarfinsa ya kai wat miliyan 5, kuma duk a kan ɗigon da bai wuce milimita guda ba yake sauka.

Fatar ƙarfen takan narke, ta tafasa, ta zama filasma, wato gas mai tsananin zafi da atom ɗinsa suka saki wasu daga cikin elektron ɗinsu. Da a iska ne da filasmar ta bazu ta huce. Ruwa kuwa danne ta yake yi, sai zafinta ya kai dubban digiri, matsinta ya ninka na iskar da muke shaƙa sau dubbai. A bakin filasmar ruwa kansa yakan tarwatse, oksijin ɗinsa ya gauraya da atom ɗin ƙarfe. Nan oksaid ke fara samuwa.

Da filasmar ta mutu sai kumfar tururi ta taso a wurin, ta kumbura ta kai kimanin milimita ɗaya ko fiye, ta rayu na 'yan ɗaruruwan maikrosakan, sannan ta rufta ta saki ƙwayoyin da ke cikinta. Maƙeri ya san cewa ƙarfen da ya yi jajir, in aka tsoma shi a ruwa nan take, halinsa daban yake da wanda aka bari ya huce a bakin maƙera. Haka abin yake a nan, sai dai sanyin ya fi gaggawa nesa ba kusa ba. Atom ba sa samun lokacin jeruwa yadda ya kamata, shi ya sa ake yawan samun ƙwayoyi masu gurabun oksijin a jikinsu, ko waɗanda ba su da tsarin kiristal sam.

Ƙwayoyin sukan fito iri biyu: ƙanana da suka taru daga tururin ƙarfe, da manya masu siffar ƙwallo da suka fantsamo daga narkakken ƙarfe. In ka ga iri biyun a hotonka, haka hanyar take, kuma akwai dabarun rage manyan.

Kayan aiki

Leza mai harbi gajere. Nd:YAG mai harbi 10 a sakan ta wadatar, kuma yawancinsu ana iya juya su zuwa nanomita 532, hasken kore, ko 355. Lezar faiba da masu zanen suna a kan zobe da allunan ƙarfe ke amfani da ita, mai wat 20 zuwa 50, ita ma tana yin aikin, ga shi tana zuwa da madubai masu yawo da haske.

Madubin da aka yi don tsawon zangon lezarka, da lensi, wato gilashin da ke tattara haske, mai nisan matattara santimita 10 zuwa 25. Na'urar auna makamashin harbi. Faifan ƙarfe mai tsarkin kashi 99.9 cikin 100 ko fiye, mai kaurin milimita ɗaya ko biyu. Kofin gilashi, da dandamali mai juyawa ko mai matsawa da za a ɗora shi. Tataccen ruwa da aka cire wa gishiri, wanda in an samu na megaom 18.2 shi ne mafi kyau. Asiton da itanol, samfefa mai laushi, bahon wanki mai girgiza da sauti, sikeli mai nuna kashi ɗaya cikin ɗari na miligiram, ma'aunin pH, kwalabe masu murfi, da littafin rubutu mai ɗaure.

A ƙasarmu abu biyu ke saurin kashe kayan nan. Na farko ƙurar hunturu: ƙura ɗaya a kan madubi, in harbi ya same ta, ƙonewa take yi ta ɓata rufin madubin har abada. A rufe madubai in ba a aiki, a hure su da busasshiyar iska kafin a kunna. Na biyu wutar lantarki mai hawa da sauka, wadda ke sa makamashin harbi ya riƙa rawa, ta kuma iya ƙona na'urar. Sitabilaiza da batirin ko-ta-kwana suna cikin kayan aikin, haka ma ɗaki mai sanyi.

Ido kafin komai

Duk lezar da za ta zaizaye ƙarfe tana aji na 4, ajin ƙarshe a haɗari. Hasken nanomita 1064 ba a ganinsa, amma yana ratsa ido ya taru a kan tantanin da ke bayansa, ya ƙona shi. Ƙiftawar ido takan ɗauki kusan rubu'in sakan, harbin kuwa ya fi ta gajarta sau miliyan 25. Fuskar ruwa kaɗai tana mayar da kusan kashi 2 cikin 100 na hasken da ya sauka a kanta. Daga harbin milijul 50 wannan ya kama milijul ɗaya, wanda ya ninka abin da ido ke iya jurewa sau ɗaruruwa.

Saboda haka kowa a ɗakin ya sa tabarau da aka rubuta tsawon zangon lezar a jikinsa. Tabarau na 1064 ba lallai ya tare 532 ba, a duba rubutun. A cire agogo da zobe da awarwaro. Hanyar hasken ta kasance ƙasa da ido, kada kowa ya sunkuya ya leƙa kofi leza na aiki. A kewaye kofin da baƙin allo marar ƙyalli, a rufe ƙofa, a sa alama a waje. Kada a buɗe akwatin wutar leza, domin yana riƙe da cajin da zai iya kisa ko bayan an kashe ta.

In da itanol ko asiton ake aiki a maimakon ruwa, tururinsu na kamawa da wuta a zafin ɗaki. A tabbata ruwan ya rufe faifan koyaushe, a rufe bakin kofin, a ajiye abin kashe gobara kusa. Ƙwayoyin kuma a bar su a jiƙe gwargwadon iko, busasshen garinsu ne ke shiga huhu. Ragowar ruwan tutiya da jan ƙarfe guba ne ga kifi, ba a zuba shi a kwata. Wanda bai taɓa aiki da leza ba ya fara a gaban wanda ya iya.

Matakan aiki: misali da tutiya

1. Shirya faifan. Goge fuskarsa da samfefa har ta yi haske, sannan ka wanke shi a bahon sauti, minti goma a asiton, goma a itanol, goma a tataccen ruwa. Busar da shi, ka auna nauyinsa sau uku ka rubuta. Daga nan kada yatsa ya sake taɓa shi.

2. Kunna leza ka bar ta ta yi ɗumi na kimanin minti 20. Auna makamashin bayan madubi na ƙarshe. Lambar da ke jikin na'ura takan fi abin da ke isa kofi, domin kowane madubi da lensi na cin rabonsa.

3. Ɗora faifan a gindin kofi, ka zuba ruwa da ma'auni, misali mililita 30. Auna zurfin ruwan da ke saman faifan da rula. Milimita 5 zuwa 10 shi ne madaidaici.

4. Nemo matattarar haske. Ruwa na karya haske ya tura matattarar ƙasa. In ka daidaita ta a kan busasshen faifai, sannan ka zuba ruwa santimita guda, sai ka ɗaga lensi da kusan milimita 2.5 kafin ta dawo inda take. Fara da makamashi kaɗan, kana matsar da lensi a hankali kana saurare. Kusa da wurin da ya dace za ka ji ƙarar harbin ta yi kauri, ƙas-ƙas-ƙas, kofin na amsawa. In ka ga tartsatsi a tsakiyar ruwa sama da faifan, matattarar ta yi sama, ruwa kake fasawa, ƙarfe bai samu ba. Ya fi kyau matattarar ta faɗa ɗan ƙasa da fuskar faifan.

5. Lissafa nauyin harbi, wato makamashin da ke sauka a kan kowane murabba'in santimita. Yi 'yan harbi a wuri ɗaya, ka auna faɗin ramin a maikroskop. Rami mai faɗin milimita ɗaya filinsa murabba'in santimita 0.00785 ne. Raba jul 0.05 da wannan, ka sami kusan jul 6.4 a murabba'in santimita. Wannan lamba ita wani zai bi ya maimaita aikinka, milijul kaɗai ba ya isa.

6. Share fage. Yi harbi na minti ɗaya ko biyu a duk inda za ka yi aiki, ka zubar da wannan ruwa a kwalbar shara, ka zuba sabo. Tsohon oksaid da burbushin samfefa sun tafi ke nan. In kana son lissafin nauyi ya fita daidai, bayan wannan mataki za ka sake auna faifan.

7. Fara aiki. Kofin ya riƙa juyawa ko matsawa don kada harbi ya haƙa rijiya a wuri guda. Rami in ya yi zurfi yakan sauya nauyin harbi, ya kuma riƙe kumfa. Ruwan ma ya riƙa motsi a hankali, ba tare da fuskarsa ta yi igiya ba. Harbi 10 a sakan na minti 30 ya kama harbi 18,000.

8. Zuba ido a kan ruwan, ta cikin tabarau kuma daga gefe. Da farko wani ɗan hayaƙi mai duhu za ka ga yana tashi daga inda harbi ke sauka, yana murɗewa yana bajewa. Sannu a hankali duk ruwan ya yi toka-toka ko ruwan ƙasa. In ya yi duhun da ba ka ganin faifan sosai, tsaya. Ƙwayoyin da ka riga ka yi su ne yanzu ke shanye hasken. Kwashe, ka zuba sabon ruwa.

9. Kashe leza, ka juye ruwan a kwalba mai tsabta, ka rubuta kwanan wata da lokaci a jikinta. Auna pH nan take. Ɗauraye faifan, ka busar, ka auna. In ya ragu da miligiram 1.5 a mililita 30, kana da miligiram 50 na tutiya a lita. Kowane miligiram na tutiya yakan ba da kusan miligiram 1.24 na oksaid, saboda nauyin oksijin da ya shiga.

Abubuwan da ake juyawa

Ruwa shi ne na farko. Tataccen ruwa zalla yakan ba da oksaid da haidroksaid. Itanol da asiton suna rage shigar oksijin, sai a sami ƙwayoyi masu cikin ƙarfe da ɓawon oksaid, wani lokaci da rufin kabon da ya fito daga tarwatsewar ruwan kansa. Ƙara haidrojin feroksaid na ƙara oksijin, har ma da tutiya yakan wuce gona da iri ya ba da feroksaid ɗin tutiya. Sinadarin sabulu irin su SDS yana kama ƙwayoyi tun suna ƙanana ya hana su girma, dabarar da Fumitaka Mafuné da abokan aikinsa a Japan suka nuna da azurfa a shekarar 2000. Sai dai duk abin da ka zuba zai zauna a fuskar ƙwayoyin, tsabtar da ta kawo ka wannan hanya ta ragu ke nan. Zafin ruwan ma na da tasiri. Tutiya a ruwa mai digiri 60 zuwa 80 a ma'aunin Selshiyas takan ba da ƙwayoyi dogaye masu siffar sanda.

Zurfin ruwa na biye. Ruwa na shan hasken 1064, kusan kashi 13 cikin 100 a kowane santimita, alhali hasken 532 kusan duka yake wucewa. Ruwa mai zurfi na cin makamashi, marar zurfi kuma na fantsama ya ɓata lensi. A aiki mai tsawo ruwan na ƙafewa, sai a riƙa cikawa zuwa alamar da aka yi a jikin kofi.

Sai tsawon zango. Oksaid ɗin tutiya da na titaniyam suna shan hasken da ke ƙasa da kimanin nanomita 380. In ka yi aiki da 355, ƙwayoyin da ke yawo a ruwa za su tare harbin, su farfashe su ƙara ƙanƙanta, amma abin da kake samu a awa ya ragu. Mai son yawa ya zauna a 1064. Mai son ƙanana yana iya yin aiki hawa biyu: ya haɗa da 1064, ya cire faifan, sannan ya haska ruwan da gajeren zango don farfasa manyan.

Nauyin harbi yana da ƙofa. Ƙasa da ita babu abin da ke ɓallewa. Sama da ita yawan ƙwayoyi na ƙaruwa, amma in ya yi yawa manyan ƙwallaye ne ke ƙaruwa, ruwan kuma ya fara fashewa kafin haske ya kai faifai.

Saurin harbi kuwa da kumfa yake rigima. A harbi 10 a sakan, kumfar ta daɗe da mutuwa kafin harbi na gaba ya zo. A lezar faiba mai harbi 50,000 a sakan, tazarar maikrosakan 20 ce kawai, sai harbi ya faɗa kan kumfar ɗan'uwansa ya watse. Magani shi ne hasken ya yi gaba da sauri. Don ya tsallake kashi ɗaya cikin goma na milimita a wannan tazara, sai ya yi gudun mita 5 a sakan.

Kowane ƙarfe da halinsa

Tutiya ce ta fi sauƙin koyo. Tana narkewa a digiri 420, tana saurin karɓar oksijin, kuma ana ganin sauyinta da ido.

Titaniyam ba ya narkewa sai a digiri 1668. Ruwansa yakan yi shuɗi-shuɗi saboda gurabun oksijin, ƙwayoyinsa kuma galibi gauraye ne na marasa tsari da anatas da rutil, wato tsarin kiristal iri biyu na oksaid ɗin titaniyam. Mai neman anatas don wargaza rini yakan busar da su ya gasa a tanda a digiri 400 zuwa 500. In zafin ya zarce 600 rutil zai fara rinjaye.

Baƙin ƙarfe na ba da ruwa mai launin tsatsa, da oksaid iri-iri a gauraye: magnetait, maghemait, hematait, wani lokaci har da ragowar ƙarfe. Kada a motsa ruwansa da sandar maganaɗisu, domin za ta tattare ƙwayoyin a jikinta, ta kuma ja faifan. Haka ma da nikel da kobalt.

Jan ƙarfe yana tafiya mataki-mataki. Yakan fara da ƙarfe da Cu2O, cikin kwanaki ya koma CuO, launin ruwan ya rikiɗe zuwa ruwan ƙasa. Sanholo kuma a ruwa haidroksaid ya fi bayarwa, sai an gasa kafin a sami oksaid ɗinsa, wato alumina.

Kafin duk waɗannan, yana da kyau a gwada shirin da azurfa. Ba ta cika karɓar oksijin ba, ruwanta yakan yi rawaya cikin mintoci, yana shan haske a kusan nanomita 400. In ba ka ga rawaya ba, matsalar a jerin madubai ko matattara take.

Aiki bai ƙare da kashe leza ba

Ajiye kwalbar tutiya a kan tebur ka dawo washegari. Ruwan da ka bari mai duhu ya fara komawa fari kamar an ɗiga madara, domin ragowar ƙarfen da ke cikin ƙwayoyin na ci gaba da shan oksijin, ƙananan na narkewa suna komawa jikin manya. Samfurin awa ɗaya da na mako ɗaya abu biyu ne daban, ko da daga kofi ɗaya suka fito. Duk awon da ka yi, rubuta kwana nawa samfurin ya yi.

Rufe kwalba da kyau, saboda kabon dayoksaid na iska yana haɗuwa da oksaid ɗin tutiya ya ba da kabonet. Ajiye ta a duhu da sanyi, amma kada ta daskare. Cajin da ke fuskar ƙwayoyin ne ke sa su ture juna su zauna a warwatse. Kowane oksaid yana da pH ɗin da cajin ke ɓacewa: kusan 9 ga na tutiya, kusan 6 ga na titaniyam. A kusa da nan ƙwayoyi dunƙulewa suke yi su kwanta. Ɗigon sodiyam haidroksaid yakan taimaki titaniyam. Tutiya kuwa a kiyaye ta da asid, narkar da ita yake yi. In na'ura ta nuna cajin zeta, wato ma'aunin wannan caji na fuska, ya wuce milivolt 30, ko ta sama ko ta ƙasa, ana sa ran ruwan zai daɗe bai kwanta ba.

Tabbatar da abin da aka samu

Gwaji mafi arha shi ne haska ɗan alƙalamin leza ta gefen kwalba a ɗaki mai duhu. A tataccen ruwa ba a ganin hanyar hasken, a ruwan ƙwayoyi kuwa za ta fito kamar zare. Wannan na nuna akwai ƙwayoyi, ba ya faɗin ko mene ne.

Na'urar UV-Vis, mai auna shan haske, ita ce ta biyu. Tazarar makamashin oksaid ɗin tutiya elektronvolt 3.37 ce. Raba 1240 da ita ka sami 368, don haka a kusan nanomita 360 zuwa 380 za ka nemi kafaɗar shan haske. Kada ka yi saurin danganta ɗan gocewarta da ƙanƙantar ƙwayoyi, wannan tasiri ba ya fitowa sosai sai sun yi ƙasa da nanomita 10.

Na'urar XRD, mai aiki da hasken X-ray, ita ce ke faɗin tsarin kiristal. Da hasken jan ƙarfe da aka saba amfani da shi, oksaid ɗin tutiya na da tsini uku a jere a digiri 31.8, 34.4 da 36.3. In ka ga tsini a 39.0 da 43.2, da sauran ƙarfen tutiya. Anatas a 25.3 yake fitowa, rutil a 27.4. Magnetait da maghemait sun yi kama ƙwarai a XRD, sai an haɗa da Raman ko Mössbauer kafin a raba su. Na'urar na son gari mai ɗan yawa, don haka a tara zubi da dama, ko a riƙa ɗiga ruwan a kan gilashi yana bushewa har ya yi kauri.

Girma da siffa sai TEM, wato maikroskop na elektron. Ɗiga ruwan da ka sirka a kan ragar samfur, ka ɗauki hotuna daga wurare daban-daban, ka auna ƙwayoyi ɗari biyu ko uku da manhajar ImageJ, har da manyan da ba su yi maka kyau ba. Na'urar DLS, mai auna girman ƙwayoyi a cikin ruwa, ta fi sauri, amma dunƙule take aunawa tare da ruwan da ke jikinsa, kuma manya ƙalilan kan rufe mata ƙanana. In lambarta ta fi ta TEM ba abin mamaki ba ne.

Matsaloli da maganinsu

Ruwa bai sauya launi ba: duba matattara, sannan ka duba ko lensi ya yi datti ko ya jiƙe.

An fara da kyau, aka ja baya: ruwa ya yi duhu, ko rami ya yi zurfi, ko ƙananan kumfa sun manne a faifan. Sauya ruwa, ƙara motsi. Wasu sukan tsayar da faifan a tsaye su harbo ta gefen kofi mai bango shimfiɗaɗɗe don kumfa ta tashi sama ta ba da hanya.

Manyan ƙwayoyi sun yi yawa: rage nauyin harbi, ko ka wulwula ruwan a santirifuj a hankali ka kwashi na sama.

Yau daban, jiya daban: akasari zurfin ruwa ne, ko tsufan faifai, ko lezar da ba ta yi ɗumi ba, ko tataccen ruwan da ya kwana a buɗe.

Iyakar hanyar

Leza mai harbi 10 a sakan miligiram kaɗan take bayarwa a awa. A 2016 René Streubel, Stephan Barcikowski da Bilal Gökce a Jami'ar Duisburg-Essen ta Jamus sun kai kusan giram 4 a awa, amma da lezar pikosakan mai wat 500 da madubi mai gudun ɗaruruwan mita a sakan. Mai neman buhun gari ya nemi hanyar sinadarai. Inda leza ta yi fice shi ne inda ake son kaɗan mai tsabta: na'urorin gano gas, gwajin ƙwayoyin cuta da na ƙwayoyin halitta, da samfurin da za a gwada wasu da shi. Ɗalibin da ke nazarin wargaza rinin masana'antu, irin wanda ke fita daga Sharaɗa da Challawa a Kano, zai iya sanin ainihin aikin oksaid ɗinsa ba tare da ragowar sinadari ta ruɗa masa sakamako ba. Wanda jami'arsa ba ta da leza kuma yana iya neman haɗin gwiwa ta Cibiyar Leza ta Afirka, wadda aka kafa a 2003 kuma take aiki daga Afirka ta Kudu.

In za ka fara, ɗauki ƙarfe ɗaya da tataccen ruwa zalla. Yi zubi uku ba tare da ka sauya komai ba, ka ɗora layukan UV-Vis ɗinsu a kan juna. Sai sun hau kan juna za ka taɓa wani abu, shi ma ɗaya a lokaci guda. A rahotonka ka faɗi tsawon zango, tsawon harbi, saurinsa, faɗin rami, nauyin harbi, yawan ruwa da zurfinsa da zafinsa, pH kafin da bayan aiki, da kwanakin da samfurin ya yi kafin awo. Da waɗannan ne wani ɗalibi a wani gari zai ɗauki takardarka ya sami abin da ka samu.